Malam Ladan da Kindirmon Ayaba

Shekara ashirin da shida, da an sallame asuba Malam Ladan malamin gona yake ɗaure jarka a bayan babur, ya nufi lambunan gaɓar dam ɗin Tiga. Ba shi da surutu. Zai yi sallama, ya gaisa, ya tsuguna gindin ayaba yana tonon ƙasa da yatsa.

A shekarar da ganyen ayaba ya dinga rawaya yana langaɓewa, shi ya tsaga kututture ya nuna wa manoma jan zane a ciki. Ya ce wata irin fumfuna ce mai zama a ƙasa, tana shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa, kuma feshi ba ya kai mata. Wanda abin ya fi ci shi ne Baba Maikano, dattijon da dam ya cinye garinsu tun yana saurayi. Lambun nan kaɗai ya rage masa, ya kuma ce in lambun ya mutu sai dai ya sake ƙaura.

Ladan ya samo maganin daga wurin masu bincike: wasu halittu ne da ido ba ya gani, masu mamaye saiwa su hana fumfunar wurin zama. Matsalar ita ce Hausa suna ɗaya ta ba su da masu kawo cuta. Da ya tara manoma ya ce ƙwayoyin cuta ne a jarkar, sai taron ya fara watsewa.

"Malam, cuta muke kuka da ita, ka kawo mana ƙari?" in ji Baba Maikano.

Wata Bafulatana mai tallan nono, Lubabatu, tana gefe tana ji. Ta ce, "Ashe rayayyen abu ne. Mu ma da ɗan tsohon nono muke kama madara."

Wani mai digiri da gyara mata zance zai yi. Ladan kuwa ya kwashe kalmarta. Washegari ya dawo da jarkar, ya kira maganin kindirmon ayaba, ya ce a tsoma saiwar 'ya'yan ayaba masu lafiya a ciki kafin dashe, kada a bar jarkar a rana, a riƙa wanke adda. Bai ɓoye musu cewa wadda ta riga ta kamu ba za ta tashi ba. Baba Maikano ya ba shi layi biyu kawai, da kyar. Cikin ayaba talatin da aka dasa, huɗu kawai suka kamu.

Malam, kai ne ka sauke iliminka daidai kunnen mai fartanya, ba ka ƙara masa ƙarya ba. Mun gode. Sababbin malaman gona su koyi sauraro irin naka.

Ranar da Ladan ya yi ritaya, Baba Maikano ya zo da ƙaton nonon ayaba a kafaɗa, ya dire a gabansa.

"Ka shayar da ita kindirmo, ga nononta. Ƙaura kuwa na fasa, Malam."