Yatsu Biyu a Kan Kuloci

Jama'a, wallahi wannan abu a kaina ya faru, ba ji na yi ba. A shekarun da nake acaɓa tsakanin Rano da Kibiya ne, bayan dawowar mulkin farar hula.

Yayana Sale shi ya koya min babur. Injin niƙa ya cinye masa yatsu biyu na hagu, da sauran biyun, ban da babban yatsa, yake jan kuloci. Kullum karatunsa ɗaya ne: in za ka juya, sa giya ɗaya, riƙe kuloci rabi, ƙafa a birkin baya, kar ka taɓa na gaba, ka kalli inda za ka, ba ƙasa ba.

To mutumin nan ne ayarin motocin 'yan siyasa suka take a kwalbatin hanyar Kibiya lokacin kamfen, ya rasu, sannan aka ce wai shi ya saki kuloci, babur ya zabura ya faɗa musu. Sale fa! Suka aiko da buhun shinkafa, gari ya karɓi maganarsu. Har yau abin yana ci mini rai.

Wata ranar kasuwar Kibiya, da rana tsaka, na ɗauko wata tsohuwa, muna isa kwalbatin ta ce, "Ɗan nan, juya, na baro kwandona."

Na duba, hanya fayau. Na karya kan babur, zan sassauta kuloci, sai wani abu mai sanyi ya danne min hannu, ya matse kulocin gam, na yi na yi ya ƙi. Kafin in yi salati wata motar haya ta ɓullo daga kwana, fuu, ta bi daidai inda zan shiga.

Tsohuwa ta ce, "Allah Ya yi wa bawan Allahn nan albarka. Ina ya shige?"

"Wa, Iya?"

"Wanda ya riƙe maka hannu mana."

An girbe dawa, fili ne ko'ina, ba kowa. A bayan hannuna kuwa ga shatin baƙin mai, yatsu biyu.

Malamin unguwarmu ya ce matattu ba sa dawowa. Na yarda, ban san mene ne ba. Ku dai masu babur, in za ku juya ku yi addu'a, ku riƙe kulocinku, don in aka take ku, ku za a ɗora wa laifi. Amma duk wanda ya sake ce min Sale ne ya saki kuloci, ni da shi sai a gaban Allah.