Uwar da Ta Kulle Ɗanta a Bene

Shekarar da aka yi yaƙin Kuwaiti muna zaune a unguwar Ƙurban, a garin Manzo. Bayan Magariba kakata, Hajiya Ladi, takan hura gawayi a kasko a saman soro, ta ɗora shayi, ta fara labari. Sauran jikoki sun koma wajen talabijin, ko sun zauna ma da Larabci suke amsa mata. Ni kaɗai nake ragewa, ni da aka sa wa sunanta.

Akwai labarin da ta fi maimaitawa. A hanyarsu ta zuwa Makka da ƙafa ta ji shi, daga bakin wata tsohuwar sistar coci da ta yi jinyarta a Cadi. Wai a zamanin da, a ƙasar Rum, wani ɗan babban gida ya ce shi karatu zai bi, zai shiga cikin malaman Nasara matalauta masu yawo. Uwarsa ta sa yayyensa suka tare shi a hanya, ta kulle shi a bene shekara guda. Daga baya ya zama babban malamin tauhidinsu, har suna ce masa waliyyi.

"To, yaya ya fita?" nakan tambaya.

"Takwara, shayinki ya huce," takan ce.

Wata rana Gwaggo Zainabu ta leƙo. "Ya Inna, a garin Manzo kike ba da labarin Nasara?"

"Labarin uwarsa nake yi. Koma wajen akwatin kallonki."

Kowa a gidan ya san zancen ɗan Hajiya, Kawu Habibu. Ya ce zai koma Damagaram ya karantar, ta ce in ya taka ƙofa ba ta yafe ba. Ya tafi yana kuka. Shekara tara wasiƙunsa na ajami suna zuwa a hannun alhazai, tana tura su ƙarƙashin katifa ba a buɗe ba.

A wannan shekarar alhajin da ya zo bai kawo wasiƙa ba. Ya ce Habibu na kwance, hannunsa ba ya riƙe alƙalami.

Da yamma ta faro labarin, ta kai wurin da take tsayawa, sai ta wuce. "Uwar ce ta sa aka zura masa igiya ta taga. Kunya ta hana ta buɗe ƙofa, amma ta sake shi." Ta daɗe tana juya gawayi. "Ɗauko tawada, ba a banza na kai ki wajen malam ba. Rubuta: Habibu, na yafe. Kai ma ka yafe mini."

"Shi ke nan, Hajiya?"

"So kike in cika takarda kamar mai neman iƙamar zaman ƙasa?"

Sai da na girma na gane cewa duk shekarun nan ba ni take ba labarin ba. Kanta take lallashi, ni dai wurin zama nake taya ta.

Ba su sake ganin juna ba. Amma a watan Safar amsa ta zo, da rubutun wani almajirinsa: "Inna, tun ranar na yafe." Ta sa na karanta mata sau uku, sannan ta ce in ɗaga katifa, mu fara daga ta farko.