Rigar Azurfar Bashir

Bana shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ɗana Bashir. Ciwon sikila ne, wanda muka yi ta fama da shi tun yana goye. Ni ban yi boko ba. Ƙanwata Hajara ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara min magana.

Bashir yana da wani taro da ba ya fashi. Kowace shekara masu son finafinan sararin samaniya sukan haɗu a wani ƙaton zaure a gabashin Landan, manya da gemunsu su maƙala kunnuwan roba, wasu su shafe fuska da shuɗi. Ranar da na fara gani na ce, "Bashir, waɗannan lafiyarsu ƙalau?" Ya ce, "Umma, wancan mai ƙahon likita ne fa." Na ce to Allah ya tsare marasa lafiyarsa.

Ba sha'awa ke kai ni ba. Ɗakin da suke nuna fim sanyi gare shi kamar firiji, sanyi kuwa shi ke tayar masa da ciwo. Sai mu hau bas daga unguwarmu Thamesmead, ina riƙe da bargo da fulas ɗin ruwan ɗumi. In an kashe fitila kowa ya ɗaga kai, ni fuskarsa nake kallo. Jirage na fashewa, mutane na ihu, ni ina duba ko ya fara cije leɓe. Har yau ban san labarin fim ko ɗaya ba. Da ya roƙe ni in ɗinka masa rigar 'yan sama jannati mai ruwan azurfa, na yarda, amma na shimfiɗa mata ulu daga ciki.

Da yana nan yau da na sha surutu. Ga waya tana amsa tambaya da muryar mutum, na san cewa zai yi, "Umma, ban gaya miki ba?" An ce min taron ma yanzu ya cika da baƙaƙen fata, har da 'yan mata masu hijabi. Da ya ji daɗi.

Bayan rasuwarsa aka rabar da tufafinsa sadaka, don duk wanda ya sa, lada ya isa gare shi. Kaftani da takalma duk sun tafi. Rigar azurfa ce ta rasa mai karɓa. Wan mahaifinsa, Alhaji Sabo, ya ce kayan aljanu ne, a jefa a shara. Abokansa na taro suka ce a sa ta cikin gilashi da hotonsa. Duka na ƙi. Rigar da ke cikin gilashi wa ta suturta, balle ta kai lada? Haka ta zauna a akwati, abin yana cin raina.

Watan jiya Mumuni ya zo daga Tottenham. Ɗan Zangon Ghana ne, direban bas, shi ma mai sikila, a layin asibiti suka saba da Bashir. Ya durƙusa ya gaishe ni da Hausarsu, ya ce, "Mma, ka ba ni rigan nan in sa bana. Na yi booking na shiga taron, amma sanyin wajen nan na tsorata ni."

Na dube shi sama da ƙasa, na ce, "Kai da wannan tumbin?"

Ya ce, "Mma, laifin shinkafa da wake ne."

Na yi dariya, sannan na tuna girman rigar. Rigar ba za ta shige shi ba sai na farke ta na ƙara yadi. Ita kaɗai ce kuwa ta rage a duniya daidai da jikin Bashir: ƙananan kafaɗun nan, siririn ƙugun da ciwo ya hana shi cika. In na ajiye ta, ina da siffarsa, shi kuma ba shi da lada.

Na ɗauko reza na farke ɗinkin da hannuna, Hajara na gefe tana kuka. Mumuni ya sa ta ya je taron, ya dawo lafiya, ya ce ya yi wa Bashir addu'a kafin a kashe fitila.

Ni ban iya karanta tef ɗin awo ba, da tafin hannu nake auna mutum. Kafaɗar Bashir taƙi biyu ce ba ta cika ba. Yanzu babu inda wannan awon yake sai a hannuna, kuma tare za a binne mu. Allah ya jiƙansa, ya sa can babu sanyi.