Ladabin da Ciwon Baya Ya Koya Mini

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, bayana a ranƙwashe. Amosanin ƙashin baya ne ya sandarar da ni tun daga wuya har kwatangwalo. Amma manyanmu, da yake basira ta yi musu yawa, ladabi suka ɗauka. "Ga yaro mai tarbiyya," in ji daraktanmu, wani mai tumbi da ba ya gane takarda sai an ja masa layi. Yaro fa! Da 'ya'yana huɗu.

Farar hula sun dawo mulki, kuɗin mai na ta kwarara, kowa na sauya mota. Ni kwatangwalo na sauya. Da aka sa mini na ƙarfe, sai aka haɗa ni da mai gashin ƙashi, wata Bagwariya 'yar Kuchigoro wadda ba ta san lallashi ba. Ta jingina ni da bango, ta ce dunduniya da kafaɗa da ƙeya duk sai sun taɓa. Ta kwantar da ni rub da ciki, ta sa ni jan numfashi har haƙarƙarina ya yi ƙara.

"Oga, ɗaga kai! Ƙasa ba zai gudu ba."

Wata bakwai ina zufa ina tsine mata a zuci. Ban miƙe sarai ba, amma na fara kallon mutane a ido.

Nan fa aka ji haushi. Ana gab da ƙarin girma, mu uku za a ɗauki ɗaya, kuma shekara shida ina jiran kujerar nan. Sakatariyar darakta ta ja ni gefe ta ce, "Yallaɓai ya ce tun da aka yi maka aiki ka fara ji da kanka." Tir! Mutanen banza, ashe ciwona suke so, ba aikina ba.

Na zage su son raina a mota. Washegari kuma na shiga gaishe da darakta a ranƙwashe, har da yatsina fuska. Mako biyar ina haka, ko leƙa gashi ban yi ba. Wallahi har yau in na tuna, kaina nake rainawa fiye da shi.

Da na koma, tun daga ƙofa ta ƙare mini kallo.

"Oga, wannan ba ciwo ba ne. Wa ya lanƙwasa ka?"

Na ce ta taya ni murna, na zama mataimakin darakta.