Dattijuwa da Jajayen Tururuwa

A bakin wani daji a garin Summerfield na Amurka, wata dattijuwa tana durƙushe a gindin itace, hannunta na hagu a kumbure, tana ƙunƙuni da Hausa. Ta jawo ƙaramin akwatin nan da masu wasa ke ɓoyewa, wasu su nemo da waya su rubuta sunansu. Jajayen tururuwa daga wani rami kusa da wurin sun cika shi. Ta kakkaɓe su, ta goge shi tas. Ƙila nas ce, don yadda ta iya goge abu.

"Sannu, Hajiya," na ce.

"Jiya suka ciji jikana da ya buɗe akwatin nan, sai da muka je asibiti," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ta karkata fulas, tana tsiyaya tafasasshen ruwa a raminsu a hankali, har ɗigon ƙarshe.