Tulunan da ke Cikin Bangon Ƙuba

Mun tashi daga Jidda ana idar da sallar asuba, ni da wani tsoho maƙwabcina, haifaffen Madina, jikan mahajjata daga Kano. Idonsa ya kusa tafiya. Kullum zancensa wani hoshi ne a Ƙuba, wato tsakar gida mai faɗi, inda ake wasan kwaikwayo da rawar sanda yana yaro. Wai bangon wurin yana amsa murya. 'Ya'yansa sai su yi dariya, su ce da Larabci Baba ya fara ruɗewa. Abin yana cinsa. Ni magini ne. Ban yi makaranta ba, amma na san bango. Na ce mu je.

Hanya doguwa, baƙin dutse hagu da dama kamar jiya aka ƙone ƙasar. Mun tsaya mun ci gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, na riyal biyar, man ya fi waken yawa. A mikatin Bi'ir Ali masu harami sun cika fili, farare fat. Tsohon ya ce gajimare yake gani sun sauko ƙasa.

Bayan ziyara muka ratsa unguwar Ƙurban zuwa Ƙuba. Hoshin ya koma wurin ajiye motoci. Dakalin 'yan wasa babu shi. Bango ɗaya ya rage, na baƙin dutse da laka, kaurinsa kamu biyu, da tagar katako can sama inda mata ke leƙowa.

"Ya waladi, ɗana, me ka gani?" in ji tsohon.

"Motoci, Baba."



Na ɗauki dutse na bi bangon ina ƙwanƙwasawa, yadda muke neman rami a gini. Tauri, tauri, sai wani wuri ya yi ƙara irin ta kwarya. Na kankare lakar. Bakin tulu ne. Bakwai na samu a jere. Maginan zamanin da ne suka binne su don murya ta kai wa na baya.

Na ɗora hannunsa a kai. Ya daɗe yana shafawa, sannan ya ja wata tsohuwar waƙa. Bangon ya amsa can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana cikin barci.

Maigadi, wani ɗan Nijar, ya leƙo. "Alhaji, aljanu za ka taso mana da rana tsaka?"

Tsohon bai kula shi ba. "Ɗauka a waya," ya ce mini, "ka kai wa 'ya'yan nan nawa marasa kunya."

Mun dawo Jidda da dabino da ganyen na'a-na'a. Ya yi barci har gida, hannunsa da sauran laka. Abin da na koyo ɗaya ne: kafin ka ƙaryata tsoho, je ka ƙwanƙwasa bangon.