Tebur Ɗaya da Mijin 'Yata

Ciwon sukari ne ya kai ni Hartum a waccan shekarar, kafin yaƙi ya watsa mutanen garin. Likitan da ke duba ni a ƙauyenmu na Jazira ya ce in je babban asibiti a sake auna jinina, sai na hau bas na sauka a unguwar Kalakla, gidan 'yata ta fari.

Mijinta yana sayar da kayan gyaran mota a Umdurman. Haihuwar Kalakla ne, Hausarsa rabinta Larabci, amma mahaifiyarsa ta yi masa tarbiyya irin ta mutanen da. Shekara goma sha ɗaya da aurensu ban taɓa ganin bakinsa yana tauna ba, shi ma bai taɓa ganin nawa ba. A wajenmu suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, balle mijin 'yar fari. Idan na zo, a ɗakin baƙi ake kai mini tire, shi kuma ya ci nasa a cikin gida. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, kuma duk wata doguwar magana ta bakin matarsa take bi.

Ta bakinta ɗin ne saƙo ya zo mini ranar da na dawo daga asibiti.

"Baba, ya ce yau ba za ka ci tuwon gida ba. Yana so ya kai ka babban wurin cin abinci, kuma wai kai za ka zaɓa."

"Me ya samu tuwon gidan?"

"Babu abin da ya same shi. Abokansa ne kowa ke kai surukinsa, shi kaɗai bai taɓa ba. Abin yana damunsa, Baba."

Ta zauna a gefen tabarma ta buɗe mini hotuna a wayarta. Na farko wurin mutanen Sham ne a tsakiyar Hartum, cokula da wuƙaƙe jere kamar kayan asibitin da na baro. Na biyu wurin kifi ne a Jabal Awliya, na ce ya yi nisa. Na uku a Umdurman yake, bakin kogi, kuma abincin yammacin ƙasa suke yi, irin na Kurdufan da Darfur. A hoton na ga tabarmi masu launi, na ga ƙore, na ga faifai. Raina ya kwanta. Na ce a zuciyata inda akwai tabarma akwai lungu, ni in samu nawa, su su samu nasu, kowa ya ci cikin sutura.

"Wannan," na ce.

Da ita za mu tafi. Amma bayan la'asar jikin ƙaramin ɗanta ya yi zafi, ta ce ba za ta iya fita da shi ba. Na so in ce a fasa, sai na hango mijin a tsakar gida ya riga ya sa farar jallabiyya, yana goge mota da kansa. Na tashi na shirya.

Tun safe ban ci komai ba sai shayi da ɗan burodi da azahar, saboda gwajin jini. Likita ya ba ni sabuwar ƙwaya, ya ce in sha rabin awa kafin abincin dare, kuma idan na sha lallai in ci, in ba haka ba sukarin zai faɗi ya kayar da ni. Na rubuta wannan da ajami a bayan takardar maganin don kada in manta. Mun yi magariba a wani masallaci na bakin hanya, muna hawa gada na haɗiye ƙwayar a kujerar baya, ban ce masa komai ba.

Da muka shiga wurin na ga tabarmina. Suna nan, masu kyau kuwa, amma a jikin bango aka kafe su da ƙusa. Ƙoren an huda su an sa musu fitila a ciki, suna reto daga sama. Ƙasa kuwa tebura ne da kujeru, fili fetal, babu ko labule. Wani ma'aikaci mai jar ɗamara ya tarbe mu da fara'a.

"Itfaddal, ya Haj, bismillah."

Ya kai mu tebur mai kujera biyu, ɗaya tana kallon ɗaya.

Surukina ya tsaya, ni ma na tsaya. Sai da ma'aikacin ya ja mini kujera sannan na zauna, shi kuma ya ɗosana a bakin tasa kujerar, ya sa hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Ina jin sai a lokacin ya gane abin da ya haɗa mana, don na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi alhali fanka na kaɗawa.

Aka ba ni takardar abinci. Na karanta ta daga sama har ƙasa, na sake komawa sama, don kawai in samu wurin ajiye idona. Daga ƙarshe surukina ya yi wa ma'aikacin magana ƙasa-ƙasa, na ji yana jaddada masa kada a sa sukari a komai nawa. Ba a jima ba aka cika teburin: asidar gero, wato tuwo dai, miyar busasshen nama, miyar nono, agashe yana tururi da ƙamshin ƙuli, da ruwan kuka a kofi mai tsawo.

"Bismillah, Baba," ya ce, idonsa a kan farantinsa.

"Bismillah. Ci mana."

"Na ƙoshi, Baba."

Ƙarya yake yi, kuma ya san na sani. Ba zai ci a gabana ba, haka uwarsa ta koya masa. Ba zai kuma tashi ya bar ni ba, don a garin da ya girma babu abin kunya kamar a bar baƙo shi kaɗai a kan abinci. Ni kuma hannuna ya ƙi miƙuwa. Na yi shekara saba'in ban taɓa ganin mahaifina ko wani dattijon kirki ya buɗe baki ya sa loma mijin 'yarsa na zaune taku ɗaya daga gare shi ba.

Na duba agogon bango, isha da saura, ba dama in fake da salla. Sai na ce, "Ka kulle motar nan kuwa? Je ka duba."

Ya miƙe da sauri kamar wanda aka kwance. Amma mai jar ɗamara yana kusa, kuma kalmar mota ta shiga kunnensa, ko kuwa mukullin ya gani. Ya tare shi da hannu biyu, ya ce wallahi ba zai fita ba, akwai mai gadi a waje, ko allura ba ta ɓata a wurinsu. Ya mayar da shi kan kujera.

Na kira ma'aikacin da kaina, na tambaye shi da Larabci ko akwai wani teburin. Nufina a raba mu. Shi kuwa ya ɗauka wurin ne bai yi mini ba. Nan da nan ya kira 'yan uwansa, suka kwashe kwanuka, suka kai mu can bakin baranda inda ake ganin ruwa. Teburin ya fi na farko ƙanƙanta. Gwiwata tana gogar tasa, kowannenmu yana janyewa.

A nan na fara jin abin da likita ya faɗa. Sanyi ya fara bin bayana, yatsuna suka soma rawa, fitilun tsallaken kogi suka rabu biyu-biyu. Na ɓoye hannuwana a ƙarƙashin tebur ina jan istigfari. Tuwo yana gabana, fatarsa ta fara bushewa, tsakanina da shi bai kai kamu ɗaya ba.

Sai ga mai wurin da kansa, wani ƙaton mutum mai rawani, an gaya masa akwai teburin da ba a taɓa komai ba.

"Ya Haj, ka kunyata mu! Me muka yi maka? Gishiri ne ya yi yawa? Don Allah ka ɗanɗana ko loma ɗaya. Kai kuma," ya juya ga surukina, "babanka ne wannan? Ka zauna kana kallon faranti kamar amarya, ba za ka gutsura masa ba?"

Mutanen tebur na kusa suka yi dariya. Surukina ya ƙara sunkuyar da kai. Mai wurin ya ce a ƙaro mana gasasshen haƙarƙari kyauta, ya tafi yana girgiza kai.

Na ɗaga hannu in share gumi, hannun ya bugi kofin kuka, ya tuntsire a kan farin ƙyallen teburin. A karo na farko yaron nan ya ɗago ya dube ni sosai.

"Baba, lafiya?"

Na tuna cewa rai amana ne, kuma ba a tambayar bawa ranar lahira a gaban wa ya ci tuwo. Duk da haka sai da na yi kokawa da harshena kafin maganar ta fito.

"Ɗana, na sha magani tun a mota. Idan ban ci yanzu ba, faɗuwa zan yi a nan."

"La ilaha illallah!"

Ya zabura, ya fizgo kwanon sukari daga teburin maƙwabta ba tare da sallama ba, ya zuba cokali uku a ruwa, ya dama, ya riƙe mini kofin har na shanye. Sannan ya kama kujerarsa ya juya ta gaba ɗaya, ya ba ni baya, ya fuskanci kogi. Yana nan a teburin, bai bar baƙonsa ba.

Na yi bismillah na gutsuri tuwon. Ya yi sanyi, amma ban taɓa jin daɗin gero kamar na ranar ba. A loma ta biyar rawar hannuna ta fara lafawa. Na tura farantin agashe zuwa gefen da yake, har ya taɓa gwiwar hannunsa.

"Ni ma idona na kan tuwona," na ce.

Can na ji farantin ya ɗan yi ƙara.

Mai jar ɗamara ya iso da haƙarƙarin, ya tsaya turus yana dubanmu, ɗaya na kallon ruwa, ɗaya na kallon ƙeyar ɗan uwansa. Ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Ya Haj, faɗa kuka yi ne? In kira mai gida ya sasanta ku?"

"Ajiye naman a tsakiya," na ce masa, "inda hannun kowa zai kai."